Tafkunan Kan Dutsen Kenya: Wa Ya Haƙa Su?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa, domin in biya bashin wata tambaya da wani yaro ya yi mini har ya sa ni gumi a gaban aji.

Abin ya faru a farkon shekarar 2023, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare. An ba ni labarin ƙasa a aji biyar. Ran nan na rataye taswirar Afirka ta Gabas, na ce wa yara akwai tafkuna can bisa manyan duwatsu. Sai wani ɗan yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, jiya ka ce ruwa gangara ya ke bi. To, yaya tafki zai zauna a kan dutse bai zubo ba?" Na duba littafi, littafi bai cece ni ba. Na ce masa, "Tambayarka ta yi kyau, za mu komo kanta." Ku 'yan'uwana masu koyon malanta kun san ma'anar wannan magana, watau malam bai sani ba ke nan.

A hutun Agusta na wannan shekara aka aiki mu biyu daga kwalejinmu zuwa wani taron ɗalibai kusa da Nairobi. Da aka watse, masu masaukinmu suka shirya wa baƙi tafiyar ƙafa ta kwana biyar zuwa tafkunan Dutsen Kenya. Na tuna da yaron nan, na ce a rubuta sunana. Ga abin da na gano.

Dutsen da kansa

Dutsen Kenya shi ne na biyu a tsawo a Afirka duka, Kilimanjaro kaɗai ya fi shi. Ƙololuwarsa mafi tsawo, Batian, mita 5,199 ce daga bakin teku, watau ƙafa 17,057. Ta biyu Nelion, mita 5,188. Waɗannan biyu sai gwanaye masu igiya. Ta uku, Lenana, mita 4,985, ita ce mai tafiya a ƙafa zai iya kai wa. Don ku gane tsawon nan, Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ko an ɗora biyunsa, ɗaya a kan ɗaya, ba su kamo Batian ba.

Tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda wutarsa ta mutu tun da daɗewa. Kikuyu, waɗanda ke zaune a gindinsa, suna kiransa Kirinyaga, kakanninsu kuwa sun ɗauke shi mazaunin Ngai, Mahalicci. Baturen da ya fara ba da labarinsa wani ɗan mishan ne Bajamushe, Johann Ludwig Krapf, wanda ya hango shi daga Kitui a watan Disamba 1849. Da ya rubuta cewa ya ga farar ƙanƙara a kansa, waɗansu masana a Ingila suka ƙaryata shi, suka ce ina ƙanƙara za ta zauna a bakin layin Ikwaita, inda rana ke tsakar ka? Sai a 1899 Halford Mackinder, malamin labarin ƙasa, tare da César Ollier da Joseph Brocherel suka taka kan Batian. Mackinder ne ya raɗa wa ƙololuwan nan uku sunayen shugabannin Masai. An mai da dutsen gandun da hukuma ke tsaro a 1949.

Abin da masanan nan suka manta shi ne, in kana hawa, sanyi yana ƙaruwa. Kowane mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6 da rabi. Ku yi lissafi da kanku. In a bakin teku a Mombasa ma'aunin zafi ya nuna 30, a mita 4,000 zai nuna kamar 4. Da rana ke nan. Da dare kuwa yakan faɗi ƙasa da sifiri, inda ruwa ke daskarewa. Wanda ya taɓa barin Lafiya ya hau Jos da hunturu ya ɗanɗana kaɗan daga cikin wannan, ga shi kuwa Jos ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba.

Gidanka a bayanka

A irin wannan tafiya babu kasuwa, babu mai shayi, babu inda za ka roƙi ashana. Abin da ka goya shi ne naka, abin da ka manta kuwa ka rasa shi ke nan. Kowa yana da jakar goyo mai ɗamara a ƙugu, domin nauyin ya sauka a kwatangwalo, kafaɗa ta huta. Jagoranmu, wani dattijo mutumin Chogoria, ya zazzage jakar kowa a ƙasa kafin mu tashi. Ya ce kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, in ma an samu ɗaya cikin biyar ya fi. Tawa ta tashi kilo 14. 'Yan dako suka ɗauki tantuna da tukwane da murhun gas, gama ba a yarda a sari itace a hura wuta a can sama ba.

Ga abin da ya bar mini: buhun barci mai kauri, tabarmar soso ta shimfiɗawa ƙarƙashinsa, rigunan ulu biyu, rigar ruwa, hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa huɗu, takalmi mai rufe idon sawu, tocila, baƙin tabarau, da gorar ruwa. Ya ajiye mini rigunan auduga gefe guda. Dalili, auduga in ta sha gumi ba ta bushewa da wuri, sai ta manne a jiki ta yi ta zuƙe ɗumin mutum. Riguna marasa kauri uku kuma sun fi babba guda, domin kana iya tuɓe ɗaya in rana ta buɗe, ka mayar in gajimare ya rufe.

Na zo da guzuri irin namu, garin kwaki da ƙuliƙuli da gyaɗa, ya yaba. Amma da ya ga ƙullin ɗanyen wake sai ya yi dariya. Ya ce, "Mwalimu, wannan sai ka dawo." Mwalimu shi ne malam da Suwahili, tushensu ɗaya da kalmarmu, daga Larabci. Dalilin dariyarsa shi ne, a bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a mita 4,000 yana tafasa tun a wajen digiri 87, saboda iskar da ke danne shi ta yi sauƙi. Tukunya na ta ɓararraka, amma zafinta bai isa ya nunar da wake da wuri ba, sai gas ya ƙare kana jira.

Hanya

Mun bi hanyar Chogoria, ta gabashin dutsen. Mota ta ratsa da mu gonakin shayi, ta shiga ƙurmi mai manyan itatuwa inda muka ga kashin giwa a kan hanya, sa'an nan dajin gora, ta sauke mu a ƙofar gandu, wajen mita 3,000. A nan muka yi kwanan farko.

Kashegari muka kama tafiyar ƙafa. Itatuwa suka yi ta gajarta har suka ƙare, muka fita fili mai ciyawa dunƙule dunƙule. Da la'asar muka sauka a bakin Tafkin Ellis, wajen mita 3,500. Da asuba na tarar raɓa ta daskare a kan tanti, fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Rana ta uku muka bi doron wani tudu mai tsawo, kwari mai zurfi yana hannunmu. A nan na ga tsire-tsiren da ban taɓa ganin irinsu ba. Wani kamar an ɗora kabeji a kan gungume, ya fi mutum tsawo. Ba ya zubar da busassun ganyensa, sai su lulluɓe jikinsa kamar bargo, da dare kuma ɗanyun ganyen su tsuke su rufe tohon da ke tsakiya. Wani kuma yana tara ruwa a tsakiyar ganyensa, da dare saman ruwan ya daskare, na ƙasa ya tsare tohon daga sanyi. Na ga rema ma tana shan hantsi a kan duwatsu, irin tamu ce, sai dai gashinta ya fi kauri.

Tun da safe jagora ya ke ta cewa, "Pole pole," watau sannu sannu. Tafiyarsa kamar ta mai rakiyar amarya. Abokina kuwa ɗan ƙwallo ne, ya fi mu duka ƙarfi, sai ya yi ta wuce mu, ya hau dutse ya zauna yana yi mana ba'a.

Da azahar jagora ya tsaya a bakin wani gefe, ya nuna ƙasa da sandarsa. Can ƙasa na ga ruwa kwance, kore shar, duwatsu sun kewaye shi kamar ƙwarya, wani bangon dutse kuma miƙe a kansa wanda a ke kira Temple, watau Haikali. Tafkin Michaelson ke nan, kusan mita 4,000 daga bakin teku. Muka gangara da ƙyar muka kafa tanti a bakinsa. Na tsoma hannu, ban iya ƙirga ashirin ba na fizge shi.

Amsar tambayar yaro

Kowane yaron ƙasarmu ya san kududdufi. Magina suka haƙi ƙasa suka yi gini, suka tafi, damina ta zo ta cika ramin. Ruwan kududdufi bai saɓa wa dokar gangara ba. Ya gangaro, ya tarar da rami, ya zauna har ramin ya cika, sa'an nan ragowar ta malala ta wuce. Haka tafkin kan dutse ya ke. Ruwan sama da na ƙanƙara suna shigowa ta sama, ragowar tana fita ta ƙasa. Na ga mafitar Michaelson da idona, daga nan ruwan Nithi ya ke gangarawa ta cikin kwarin, ya je ya haɗu da Tana, kogin da ya fi kowane tsawo a Kenya. Ashe tambayar da ta rage ita ce, wa ya haƙa ramin a cikin dutse mai tauri haka?

Mahaƙa biyu ne. Na ɗaya wuta. Dutse mai aman wuta in ya mutu yakan bar baki kamar turmi, ruwa ya taru a ciki. Irin wannan muna da shi a gida, kamar Tafkin Tila kusa da Biu. Na biyu ƙanƙara, ita ce kuwa ta haƙa yawancin tafkunan da ke kewaye da ƙololuwan Dutsen Kenya.

Ga yadda ta ke yi. Inda sanyi ya yi tsanani, dusar ƙanƙarar da ta zuba bana ba ta gama narkewa kafin ta baɗi ta zubo a kanta. Shekara bisa shekara sai ta ƙasa ta danne ta zama ƙanƙara mai tauri. In ta yi kauri ƙwarai, nauyinta sai ya sa ta fara jan jiki tana gangarawa, a hankali, waɗansu 'yan mitoci a shekara. Wannan shi a ke kira kogin ƙanƙara. Aikinsa iri uku ne. Da fari, ruwa yana shiga tsagar dutse ya daskare, ruwa kuwa in ya daskare yakan kumbura da kamar kashi 9 cikin 100, sai ya fasa dutsen. Na biyu, ƙanƙarar tana riƙe gutsattsarin duwatsun nan a ƙarƙashinta, tana gurza ƙasan kwarin da su. Ku dubi dutsen niƙa na tsohuwa, yadda tsakiyarsa ta yi kwarmi saboda gurzar shekaru. Na uku, tana tura tarin duwatsu da tsakuwa a gabanta da gefenta, in ta narke ta bar su a tare kamar madatsar ruwa.

Wajen shekara 20,000 da suka wuce duniya ta fi yanzu sanyi nesa. Kogunan ƙanƙara na Dutsen Kenya sun taɓa saukowa har wajen mita 3,300, ga tarin duwatsun da suka bari nan har yau, mun taka su. Da duniya ta ɗumama suka janye sama, suka bar ramuka da madatsai, ruwa ya cika su. Tafkin da na tsoma hannu a ciki kududdufin ƙanƙara ne.

Abin da tsawo ke yi wa mutum

Shirinmu shi ne mu tashi da tsakar dare mu hau Lenana, mu ga fitowar rana daga can. Amma da aka kawo abincin dare abokina ya ture kwano. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji shi yana amai a bayan tanti. Sai a sa'an nan ya faɗa mini kansa yana sarawa tun daga Ellis, ya ɓoye don kada a ce ɗan ƙwallo ya kasa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Don Allah, ɗan'uwa, kada ka tashi dattijon nan. Da safe zan warke." Na zauna ina ta tunani. Ni ma ina son Lenana, na kuma san in na yi magana an fasa da mu ke nan. Daga bisani na je na ta da jagora.

Ciwon nan sunansa ciwon tsawo, ga kuwa dalilinsa. Iska tana da nauyi, ta sama tana danne ta ƙasa. A bakin teku a matse ta ke, in ka hau sai ta yi sako-sako. Oksijin, sashen iskar da jini ke bukata, kashi 21 cikin 100 ne a ko'ina, amma a mita 4,000 iskar duka ta ragu zuwa kamar uku cikin biyar. Watau numfashi biyar a bakin Michaelson daidai ya ke da uku a Legas. Jiki yana iya sabawa, ya ƙara saurin numfashi, daga baya ya ƙara ƙwayoyin jini, amma sai an ba shi kwanaki. Ciwon yakan fara daga mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci. Ba ruwansa da ƙarfin mutum, sau da yawa ma mai ƙarfi ya kan kama, domin shi ne mai gaggawa. In aka ƙi ji aka ci gaba da hawa, ruwa yana iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, waɗannan kuwa suna kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Alamunsu haki ko da mutum yana zaune, tari mai kumfa, tangaɗi kamar na mashayi, da ruɗewar magana.

Likitocin hawan dutse sun ba da ƙa'ida. In ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya fi na jiya da sama da mita 500, bayan kwana uku ko huɗu kuma ka huta yini guda. Mai ciwo kada ya ƙara hawa. In ciwon ya ƙaru, maganinsa sauka, ko da dare ne.

Jagora ya haska fuskarsa da tocila, ya sa shi ya yi tafiya a kan layi, dunduniya na taɓa yatsu. Ya yi daidai bai karkace ba. Ya kasa kunne ga numfashinsa, ya ce huhu lafiya, za mu jira gari ya waye, amma ba zai ƙara taku ɗaya zuwa ƙololuwa ba. Bai yi masa faɗa ba, sai ya zauna tare da mu. Sauran suka tafi Lenana da mataimakinsa, ina kallon tocilolinsu suna hawa kamar taurari. Da asuba muka raba kayan abokina tsakaninmu. Wahalar ita ce tafkin a cikin rami ya ke, tilas sai mun hau gefen kwarin kafin mu kama gangara. Wannan ɗan hawan ya ci mana awa biyu. Da muka sauko wajen mita 3,300 sai ya ce yana jin yunwa. Ban taɓa murnar jin mutum ya nemi garin kwaki kamar ran nan ba. Ban taka Lenana ba, amma mun dawo gida mu biyu kamar yadda muka tafi.

Mahaƙin yana ƙarewa

Akwai abu guda da ya kamata malamin gobe ya sani. A ƙarshen ƙarni na 19 Dutsen Kenya yana da kogunan ƙanƙara 18. Da dama sun ɓace sarai. Mafi girmansu, Lewis, an auna shi an tarar ya rasa kamar kashi 90 cikin 100 na jikinsa tsakanin 1934 da 2010, saboda sauyin yanayin duniya. Farin da Krapf ya hango har aka ƙaryata shi, yaran da mu ke koyarwa yanzu watakila a hoto kaɗai za su gan shi. Tafkunan za su daɗe bayan ƙanƙarar, gama ruwan sama ne ya fi ciyar da su, kamar yadda kududdufi ke zama bayan magina sun tafi. Amma suna da saurin ɓaci. A cikin sanyi irin wannan abu ba ya ruɓewa da wuri, saboda haka ba a wanki da sabulu a cikinsu, ba a bayan gida kusa da su, duk sharar da ka yi kuma sai ka goyo ta ka sauko da ita. Ruwan da ka ɓata a sama, shi mutanen gindin dutse za su sha.

Na komo da tsaraba guda. A bakin Michaelson na rufe wata gorar roba wadda ba kome a ciki, na murɗa marfin tam. Kafin mu isa Nairobi ta fara lotsawa, da na iso gida ta motse kamar an taka ta, domin iskar ƙasa mai nauyi ta danne ta sama da ke ciki. Da aka koma makaranta na nemi izinin hedimasta, na sami yaron nan a aji shida. Na kai su bakin kududdufin bayan makaranta, na nuna musu inda ruwa ke shiga da inda ya ke fita, na aro dutsen niƙa a maƙwabta, sa'an nan na miƙa masa gorar na ce ya buɗe. Da ya murɗa marfin ta yi huci ta miƙe, aji ya ɗauki sowa.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, in yaro ya yi muku tambayar da ta fi ƙarfinku, ku ce masa ba ku sani ba tukuna, sa'an nan ku nemo. Ba lalle sai an je Kenya ba, kududdufi da dutsen niƙa suna kowane ƙauye. Shi dai yaron nan, da ya gama juya gorar a hannunsa, sai ya sake ɗaga hannu ya ce, "Malam, to kifin da ka ce akwai a tafkin, ta ina ya hau?" Wannan karon na sani. Mutane ne suka kai irinsa suka zuba.

Ɗalibi, Aji Uku